Haƙora a bakin bokitin tarakta: a walda su ko a ɗaura da noti?

Mai Tarakta Mirya: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da Massey Ferguson 385 mai ja da ƙafa huɗu, shekara uku ke nan tana hannuna, bara kuma na sa mata bokitin gaba mai faɗin mita 1 da santimita 80. Wajen kwasar taki da yashi ba ni da abin cewa. Makon jiya ne na gamu da abin da ya fi ƙarfina. Mutanen wani ƙauye gabas da Mirya suka kira ni in yashe musu tafkinsu da ya cike, su kuma su ɗebi lakar su yi tubali. Na isa da hantsi, na dafa bakin bokiti a ƙasa, na tura. Wallahi kamar ka goga cokali a bayan tukunya. Bokiti yana zamewa a kan laka, tayoyi suna juyawa wuri ɗaya, ƙura kawai ke tashi. Wuni guda abin da na tara bai kai amalanke goma ba, gazuwal kuwa ya tafi. Daga ƙarshe samarin garin ne suka shiga gaba da diga suna fasa mini, ni ina bi ina kwasa. Abin ya dame ni, don mutanen nan karo-karo suka yi suka tara kuɗin aikin.

Wani ya ce in yanka sifirin kamiyo a walda mini a matsayin haƙora. Wani kuma ya ce in aika Kano a sayo na katafila. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yi: wanne ya fi, guda nawa zan sa, kuma ba zai lalata mini tarakta ba?

Mai Walda Zango: Wa alaikumus salam Alhaji. Kawo ta Zango kawai. Na yi wa mutum uku wannan aikin, biyu da sifirin, ɗaya da haƙoran da ya sayo. Sifirin ƙarfe ne mai kyau, shi ya sa maƙera ke yin gatari da wuƙa da shi. Guda bakwai a faɗin naka ya wadatar. In an kama su da wuta sun zauna ke nan, babu noti da zai kwance maka a daji.

Makanike Sabon Gari: Alhaji, kafin ka kai ta ko'ina, ka biyo ta garejina ka ga abin da ke jingine a bango. Sandunan silinda guda biyu ne, sun lanƙwashe kamar baka, dukkansu daga taraktocin da aka mayar da su katafila. Bokitin gaba na kwasa ne, ba na haƙa ba. Ranar da ka sa masa haƙora ranar ka ba shi damar cizon abin da hannayensa ba za su iya ɗauka ba. Yanzu da yake zamewa, zamewar nan ita ke kare maka tarakta. Ni shawarata ka bar shi yadda yake.

Mai Tarakta Mirya: To Malam, in bar shi, tafkin fa? Damina saura wata uku.

Makanike Sabon Gari: Ka nemi mai injin haƙa na JCB ya haƙa, kai ka kwasa.

Mai Tarakta Mirya: Kuɗin kawo JCB daga Damagaram zuwa ƙauyen kaɗai ya fi abin da suka tara. Na tambaya.

Tsohon Direban Katafila: Sallama gare ku ƴaƴana. Na karanta duka, kuma kowa yana da tasa gaskiyar. Na yi shekara fiye da ashirin a kan injin loda, na loda burji a aikin hanyar Tanut, na yi ta Magarya. Bari in faɗa muku bambancin da ido ba ya gani daga nesa. Injin loda na gaskiya, tun daga ƙira an yi shi ne don ya soki tudu: nauyinsa na baya, gatarin ƙafafunsa na gaba mai kauri ne ƙwarai, kuma ba shi da kuloci irin na tarakta, mai ne ke juya ƙarfin inji zuwa giya, shi ya sa in ka tura shi cikin tudu ya tsaya ba abin da ke ƙonewa. Tarakta kuwa an yi ta don ta ja abu ta baya. Ƙarfinta na bayanta, bokitin nan baƙo ne aka ɗora mata. Wannan ita ce gaskiyar makanike, kada ka raina ta.

Amma in ce maka haƙora ba su da amfani, na yi ƙarya. Laka busasshiya, da fako, da geza da ta daskare, da burji mai laushi, duk haƙora na shiga. Abin da ba sa shiga shi ne dutse, kuma ku kun san ƙasar Damagaram. Duwatsun nan da kuke gani a Birni ba a sama kaɗai suke ba, haka suke shimfiɗe a ƙarƙashinmu, shi ya sa ma ruwan garin nan daga Gogo Machaya da Arunguza ake jawo shi. Kana cikin haƙa sai ka ji ƙwas. In ka ji wannan ƙarar ka tsaya, ka ja baya, ka sauka ka duba. Waɗanda sandunansu ke jingine a garejin makanike, mafi yawansu sun ji ƙarar suka ƙara wuta.

Ka sa haƙora, Alhaji. Amma ka sa gajeru, kuma ka sake koyon tuƙi.

Ɗalibin Injiniya: Baba ya yi bayani, bari in ƙara da ɗan lissafi don a ga dalilin da ya sa haƙora ke shiga. Kawu, wuƙar bokitinka, wato ƙarfen bakinsa da ke yankar ƙasa, faɗinta santimita 180. In bakinta ya dakushe ya kai kaurin rabin santimita, wurin da ke taɓa ƙasa murabba'in santimita 90 ne. Haƙora bakwai, kowanne faɗinsa santimita 4 da kaurin baki rabin santimita, jimla murabba'in santimita 14. Ƙarfin tarakta bai ƙaru ko kaɗan ba, amma matsin da ke kan ƙasa ya ninka fiye da sau shida. Shi ne bambancin allura da muciya.

Sai dai lissafin yana da ɗaya fuskar. In haƙori ɗaya na gefe ya kama dutse, sauran shida suna cikin iska, duk ƙarfin doki 85 da nauyin tarakta a kan wannan ɗayan za su taru, kuma a gefe guda. Nan ne hannun loda ke murɗewa, ka ga bokiti ya dawo gefe ɗaya ya fi ɗaya sauka.

Makanike Sabon Gari: Madalla da yaro. Abin da nake faɗa ke nan.

Tsohon Direban Katafila: Ba shi kake faɗa ba ɗana, kai cewa ka yi a bari gaba ɗaya. Yaron ya nuna inda haɗarin yake, wanda ya san wurin rami kuma yana iya kauce masa.

Hajiya Mai Bulo: Ina wuninku. Ni ba na tuƙi, amma kuɗina ne ke tafiya in abu ya lalace, don haka ku bar ni in sa baki. Ina buga bulo a hanyar Takeita, ina da ƙaramar tarakta mai bokiti. Shekara biyu da suka wuce direbana ya matsa aka walda mata haƙora, wai don mu riƙa ɗebo burji da kanmu. Burjin mun ɗebo, ban musa ba. Amma aikinmu na kullum shi ne tara yashi a kan daɓen siminti da share fili, kuma tun ranar bokitin bai sake kwasar yashi tas ba. Sai ya bar layi-layi kamar an taje kai, yara su bi da felu suna tattarawa. Daɓen da na kashe kuɗi na zuba, haƙoran suka yi masa zane har ya fara farfashewa. Sannan wata rana haƙori ɗaya ya ɓalle, ba wanda ya lura, ya shige cikin tulin yashi. Tayar baya ce ta gano mana shi. Duk wanda ya taɓa sayen tayar baya ta tarakta ya san abin da nake nufi.

Alhaji, ka ce da bakinka taki da yashi ne aikinka. Tafki sau nawa za ka yashe a shekara? Kada ka lalata aikin wata goma saboda na wata biyu. Ka nemi wanda za ka sa ka cire.

Mai Tarakta Mirya: Hajiya, Allah ya saka da alheri. Wallahi ban kawo wannan a raina ba. Kuma ina gyara wa mutane fili kafin gini, shi ma sai da baki mai santsi.

Mai Walda Zango: Hajiya, wanda ya ɓalle ɗin nan ba aikin hannuna ba ne, amma ina iya faɗa miki yadda aka yi. An ɗauki sandar walda 6013, irin wadda muke yin ƙofa da taga da ita, aka ɗora a kan ƙarfe mai sanyi. Daga waje sai ki ga walda ta yi kyau kamar kitso. Amma sifirin da wuƙar bokiti ƙarafa ne masu tauri, in suka yi zafi suka huce da sauri, gefen waldar sai ya bushe ya zama kamar gilashi. Ba waldar ce ke karyewa ba, ƙarfen da ke dab da ita ne ke tsagewa. In kin samu haƙorin ki duba, za ki ga waldar na nan manne da shi.

Hajiya Mai Bulo: Haka yake kuwa, Malam. Da ɗan guntun bakin bokitin ma ya taho.

Ɗan Magarya: Ni ina kai-kawo Kano ta Babban Mutum, ina sayo wa mutane kayan injuna. Kawu, in za ka sayi na kamfani, ka san abu uku ne suke tafiya tare: mazauni, wanda shi ake waldawa ko a ɗaura, sai kan haƙori da ke shiga cikinsa kamar hula, sai fil da zobensa da ke riƙe su. Kan ne ke cinyewa, in ya cinye ka buge fil da guduma ka sa sabo, ba ruwanka da mai walda. Irin na Caterpillar suna da lamba, J200, J250, J300 har sama, lambar na ƙaruwa girma na ƙaruwa. Kada wani ya sayar maka da J300 ko J350 wai ya fi ƙarfi. Na manyan injuna ne, nauyinsu kaɗai zai rage maka abin da bokiti ke ɗauka, mazauninsu ma ba zai dace da kaurin wuƙarka ba. J200 ya ishe ka. Akwai kuma irin na JCB 3CX, su guntu ɗaya ne, kowanne noti biyu ke riƙe shi. Ka auna kaurin wuƙarka kafin ka aiko, don mazauni na da baki da yake cizon wuƙar, in bai yi daidai ba aikin banza ne. Kuma ka sayi fil da ya fi adadin haƙoran, don su ne ke ɓata.

Mai Tarakta Mirya: Na fita yanzu na auna. Kaurin wuƙar milimita 16 ne, gindin bokitin kuwa bai wuce 6 ba. To in na ɗauki irin na JCB, ai huda wuƙar kawai zan yi, rami 14, in ɗaura in kwance lokacin da na ga dama.

Mai Walda Zango: Alhaji, faɗa da baki ne da sauƙi. In wuƙar taka irin mai tauri ce, kamar Hardox na kamfanin SSAB na Suwidin, wanda ake rubuta masa 400 ko 450 gwargwadon taurinsa, bakin injin huda na kasuwa ba zai yi rami biyu ba ya ƙone. Masu gaggawa sai su huda da wutar gas, ramin ya fita ba daidai ba, ƙarfen gefensa ya mutu, noti ya yi ta wasa a ciki. Gwada ka gani: sa zarto a bakin wuƙar. In ya ci, ƙarfe ne na kullum. In ya zame yana ƙara, to ka manta da rami 14.

Mai Tarakta Mirya: Ya zame.

Ɗalibin Injiniya: To akwai hanya ta uku, ita manoman Amurka da Turai suka fi yi wa irin wannan bokitin. Ba a taɓa wuƙar ko kaɗan. Ana samun ƙarfe shimfiɗaɗɗe mai tsawon cikin bokitin, a walda mazaunan haƙora a kansa. Sai a zura shi gaba ɗaya, bakunan mazaunai su ciji wuƙar, ƙarfen ya kwanta a cikin bokiti. Kowane ƙarshe yana da kunne da ya miƙe ya jingina da bangon bokiti, noti ɗaya a dama ɗaya a hagu. Bangon ƙarfe ne mai laushi, hudawa ba wuya. In ana turawa, wuƙar ce ke ɗaukar ƙarfin, notin aikinsa kawai ya hana abin zamewa in an juye kaya.

Tsohon Direban Katafila: Wato dasashi ke nan, haƙora a jikinsa, a sa a cire.

Hajiya Mai Bulo: Baba ya raɗa masa suna. Da na san da dasashin nan da daɓena na nan lafiya.

Mai Walda Zango: Ban taɓa yin sa ba, gaskiya ɗaya ce, amma na gane shi sarai kuma na yarda ya fi abin da na faɗa da farko. Har ya fi mini sauƙi, don a kan teburi zan yi aikin ba a jikin tarakta ba. In da a jikinta ne sai an cire batir, a maƙala wayar ƙasa dab da wurin walda, don in wuta ta bi ta cikin silinda ko boris tana yi musu tabo.

Ga yadda zan yi, masana su gyara mini. Ƙarfe mai kaurin milimita 16 zuwa 20, faɗi santimita 10. Haƙora bakwai: biyu a can ƙarshe, su ɗan leƙa daidai da bangon bokiti don su share masa hanya, ɗaya a tsakiya cif, sauran a raba, wato tsakanin kowane biyu kusan santimita 29. Zan fara ɗiga musu walda kaɗan-kaɗan alhali dasashin na zaune a bakin bokiti, don kowane mazauni ya ciji wuƙa daidai, sannan in sauke in gama a teburi. Sandar walda 7018 zan sa, ba 6013 ba. Ita 7018 ba ta son danshi ko kaɗan, sabon kwali nake buɗewa, in ya kwana sai na gasa. Kuma ƙaramin injin walda ba ya riƙe ta da kyau, musamman in wutar gari ta yi rauni, don haka da babban injin gazuwal zan yi. Kafin walda a ɗumama ƙarfen da wutar gas zuwa digiri 150 ko 200. Ba mu da ma'auni, amma in ka ɗiga ruwa ya dunƙule yana rawa a kai maimakon ya kwanta yana tafasa, ya kai. Ba a bi da layi daga dama zuwa hagu, sai ƙarfen ya lanƙwashe kamar kwale-kwale: ka yi na tsakiya, ka tsallaka ƙarshe, ka dawo ɗaya ƙarshen, kana juyawa. In an gama kada a zuba ruwa, ko da mai kaya na tsaye a kanka yana sauri. A binne shi cikin busasshen yashi ko toka ya huce da kansa har safe.

Washegari in goge waldar da kananzir, in share, in shafa garin alli. In akwai tsaga ko da siririya ce kamar gashi, kananzir zai fito ya zana ta a jikin allin. Ubangidana ne ya koya mini wannan, Allah ya ji ƙansa.

Ɗalibin Injiniya: Amin. Ƙari ɗaya Maigida: in wani ya dage sai ya walda a jikin wuƙa mai tauri, kada zafin ya wuce digiri 250, don daga nan Hardox ke fara rasa taurinsa. Noti kuma a duba kansa, a sayi mai lamba 8.8 ko 10.9, kaurin milimita 20. Wanda ba lamba a kansa a bar shi wa masu gado da kujera.

Mai Tarakta Mirya: Sifirin fa? Don gaskiya shi ya fi araha.

Mai Walda Zango: Yana yi in aljihu bai kai ba, amma ya fi mazaunin kamfani son zafi kafin walda, kuma in ya cinye sai an yanke an sake. Shimfiɗaɗɗe ne kuma, ba shi da ƙashin baya kamar haƙorin gaske. In za a yi da shi kada ya leƙo gaban wuƙa fiye da santimita 8 ko 10. Dogon haƙori sanda ce ka ba ƙasa ta ɓamɓare maka bakin bokiti da ita.

Makanike Sabon Gari: Tunda kun rinjaye ni, to ku ji sharuɗɗana, don ni za a kawo wa in ta lalace. Alhaji, akwai abin da direbobi da yawa ba su sani ba. Bawul ɗin da ke sakin mai in nauyi ya yi yawa, a yawancin lodar tarakta yana aiki ne kawai lokacin da hannunka ke kan liba kana ɗagawa. Da ka saki liba, man da ke cikin silinda ya kulle, ba shi da mafita. In ka taho da gudu ka daki tudu a haka, dukan ba inda zai je sai tiyo, ko roba, ko sandar kanta. Mafi muni shi ne ka kifa bokiti gaba ɗaya, haƙora a tsaye cikin ƙasa, ka ja da baya kana kartar ƙasa. A lokacin sandunan sun fito har ƙarshe, ba su da mariƙi. Biyun da ke garejina haka aka yi musu.

Sai nauyin baya. In bokiti ya cika, bayan tarakta na yin sauƙi, gaba na ɗaukar wahala. Ka samu duro mai lita 200 ka cika shi da kankare, zai kai kusan kilo 480, a soke shi da ƙarfe ka rataya a hannayen baya. Ruwa a cikin tayoyin baya ma na taimakawa wajen kama ƙasa, amma ba ya rage wa gatarin gaba nauyi kamar duron, don shi duron yana bayan tayoyi ne. Ka riƙa duba notin da ke riƙe ƙafar loda a jikin tarakta kowace safiya, ka sa giris a kowane fil.

Tsohon Direban Katafila: Yanzu ka yi magana ɗana. Ni kuma ga tuƙin. Giya ta ɗaya ko ta biyu a ƙaramin zango, ƙafa huɗu a ɗaure. Ka kwantar da bokiti kusan daidai da ƙasa, ka ɗan sunkuyar da haƙora kaɗan kawai, kamar mai fere kabewa. Yanka za ka yi, santimita 5 zuwa 10 a kowane wucewa, ba sara ba. In ka ji inji ya fara nishi, kada ka taka kuloci rabi kana lallashi, nan ake ƙona shi. Ɗan naɗe bokiti sama, ka ɗaga kaɗan, za ka ji ta samu numfashi ta ci gaba. Ka shiga a miƙe, kada ka juya sitiyari haƙora na cikin ƙasa. Kada ka danna bokiti har tayoyin gaba su tashi sama kana tafiya. Kuma tafki ana shigarsa ne da gangara mai sauƙi, ka yi wa kanka hanyar fita tun farko, ka hau a miƙe, bokiti a ƙasa-ƙasa. Cikakken bokiti a sama a kan gangare shi ke kifar da tarakta, na ga wanda ya rasa ransa a haka, yaro ne da bai kai talatin ba, har yau ina tuna fuskarsa.

In kana da garma mai tsinin ƙarfe ta baya, ka fara bi da ita ka tsaga lakar. Wannan aikin ja ne, shi tarakta ta iya. Sai bokiti ya zo ya tarar da ƙasa a farfashe. Baɗi kuma ka ce wa mutanen ƙauyen su kira ka da ruwan ya janye, cikin sanyi, laka na da sauran danshi. Yanzu bazara ta gasa ta.

Hajiya Mai Bulo: Allah ya ji ƙansa. Ni roƙona ɗaya, a cire dasashin kafin a hau kwalta. Ku dubi yadda hanyar kasuwar Dole ke cika ranar Alhamis, ƴan kabu-kabu da amalanke da yara. Tarakta ta shigo da tsini bakwai a gaba daidai ƙirjin mai babur, ko tunaninsa ba na so. Noti biyu ne, a kwance a jefa cikin bokiti.

Ɗan Magarya: Kuma in aikin burji ya samu Kawu, a nemi izinin magajin gari da maigari, kada a ci gindin bango a bar shi rataye. Ramukan da ake bari da gefe a tsaye, damina na cika su, yara na zuwa wanka. A kwantar da gefen kafin a tashi.

Mai Tarakta Mirya: Na ji duka, Allah ya bar zumunci. Ɗan Magarya, zan kira ka anjima, J200 bakwai da mazaunansu da fil goma. Malam na Zango, zan ciro bokitin in kawo maka ranar Asabar.

Mai Tarakta Mirya: Jama'a, yau kwana goma sha shida, na dawo da labari. An yi dasashin, ya kwana cikin yashi kamar yadda aka ce, alli bai nuna komai ba. Ni da yarona muke ɗaga shi, sawa ba ta kai minti goma ba. Duron kankare ma na yi. Ranar farko a tafkin na koma halina na dā, na sunkuyar da haƙora da yawa, tarakta ta tsaya cak, sai na tuna maganar Baba ta fere kabewa. Da na kwantar da shi sai ga laka na tasowa falle-falle, tana naɗowa cikin bokiti da kanta. Samarin da suka zo da diga suka koma gyaran gefe da loda amalanke, ba wanda ya rasa aiki, don tubalin ma su ke bugawa. Kwana biyar muka yi, mun sauka kusan mita ɗaya a tsakiya.

A kusurwar arewa na ji ƙwas ɗin da Baba ya faɗa. Na sauka muka tona da felu, dutse ne shimfiɗaɗɗe, ba mu ga ƙarshensa ba, muka bar wannan gefen. Abu biyu na lura. Notin hagu ya saki sau biyu, ramin ya fara faɗi kaɗan. Kuma silindar dama ta naɗe bokiti tana ɗan jiƙewa da mai a bakin roba, ba ɗiga take ba, amma ƙura na manne mata.

Mai Walda Zango: Bangon ne ya yi siriri. Kawo in walda masa faci mai kaurin milimita 10 ta waje a kowane gefe, mu sake hudawa, mu sa noti biyu a kan juna su kulle.

Makanike Sabon Gari: Kada ka sake haƙa sai na ga silindar nan. In roba ce kaɗai aikin awa ɗaya ne. Kafin ka taho ka fitar da sandar duka, ka goge ta, ka ɗora mata ƙarfe miƙaƙƙe a jiki ka duba ko haske na wucewa ta tsakani, ka faɗa mini. Gobe bayan azahar ina gareji.